Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Tafkuna 16 ne a tsaunukan yankin Plitvice na ƙasar Kuroshiya, wannan na kwarara cikin wancan, ruwan garai-garai har kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa. Tun 1949 aka killace wurin, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1979. Sai ka biya kuɗin shiga, ka sha tafiya, gumi sharkaf, sannan a ce maka ba a wanka. An hana ne don kada a farfasa lallausan dutsen da ruwan ke ginawa sannu a hankali, wanda shi ya datse tafkunan.

Kifayen wurin kuwa sun haddace dokar hana kamun kifi tsaf. Su taso gungu-gungu gefen gadar katako, ɓul-ɓul da su, su zuba maka ido, ko gezau. Da masuncin Argungu zai ga wannan raini, sai an rirriƙe shi.

Gadar ma siririya ce, galibi ba makari. Na gaba ya ja birki zai ɗauki hoto, na baya na ingizo ka. In tsautsayi ya jefa ka ciki, yi maza ka fito, kada ma'aikaci ya zaci iyo kake yi.