Mafarautan Akwati a Dajin da Ya Zama Dutse

A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Ba a yi kwana biyu ba wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet, ya ce mai iyawa ya nemo. Nan aka haifi wasan geocaching: wani ya ɓoye akwati da ɗan littafin sa hannu, wani ya bi waya ya gano. Wanda ke son ganin halin 'yan wasan nan tsirara, ya bi su gandun Petrified Forest na jihar Arizona, inda gumaguman itatuwan da suka faɗi shekara sama da miliyan 200 ke kwance sun rikiɗe sun zama dutse.

Na farko shi ne Bawan Allo. Tun daga bakin hanya ya kafa ido a waya, kibiya ta ce hagu ya yi hagu, ta ce dama ya yi dama. Zai yi tuntuɓe da gungume mai ja da ɗorawa da shunayya, ya ja tsaki, ya ce wa ya ajiye wannan a hanya. In ya koma gida aka tambaye shi me ya gani, sai ya ce caji ya ƙare masa.

Sai Sarkin Gaggawa, wanda burinsa a duniya ya zama shi ya fara sa hannu a sabon littafi. Yana kwana da takalmi a ƙafa. In ya iso da haki ya tarar da sunan wani a layin farko, ranar ko ruwa ba ya masa daɗi.

Shehin Duwatsu kuwa ba ya neman akwati, masu sauraro yake nema. Shi ya fi son nau'in da ake kira EarthCache, wanda aka soma a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Babu akwati a cikinsa, tambayoyi ne za ka amsa a kan abin da idonka ya gani. Ka kuskura ka ce masa "wannan itace ne ko dutse?" ka shiga uku. Zai faɗa maka yadda koguna suka kwaso itatuwan, laka ta binne su kafin su ruɓe, ruwa mai ɗauke da sinadarin silika daga tokar aman wuta ya ratsa su sannu a hankali har ma'adinin kwaz ya cike su. Zai nuna maka ɓawo da gurbin reshe, ya ce jan nan ƙarfe ne, baƙin nan manganis. Duk gaskiya ya faɗa. Matsalar kawai rana tana tsakiyar ka, kuma bai kai rabi ba.

Akwai Ɗan Musaya. Dokar wasa ita ce in ka ɗauki abu a akwati, ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi. Shi sai ya ɗauke 'yar motar wasa mai kyau, ya bar murfin kwalba, ya rubuta godiya mai tsawo a littafi.

Yayansa shi ne Mai Dogon Hannu. Ya san haramun ne fita da ko ɓarɓashin itacen daga gandun, wanda ke ƙarƙashin kariya tun 1906. Amma ya duba gabas ya duba yamma, ya ce ai ɗan ƙarami ne, wa zai sani. Bayan shekara mota ta lalace, aiki ya kuɓuce, mata ta yi yaji, sai ya tuna da abin da ke cikin durowa. Ma'aikatan gandun sun daɗe suna karɓar irin waɗannan ƙunsassun duwatsu ta gidan waya, haɗe da wasiƙun tuba. Tunda ba a san ainihin inda aka ɗauke su ba, ba a mayar da su, tara su ake yi waje guda. Ɓarawo ya huta, dutse ya rasa gida.

Ta ƙarshe ita ce 'Yar Rakiya. Ba ta da manhajar wasan, ba ta san lambobi ba, gorar ruwa kawai aka ba ta ta riƙe. Gwanaye sun yi rabin sa'a suna zagaye wuri ɗaya kamar kaza ta rasa inda za ta yi ƙwai, sai ta ce, "Wai ba shi ne wancan ba, a gindin allon?" Shi ne kuwa. A hanyar komawa mota ba mai yi mata magana, kuma a littafin sunanta ne na ƙarshe.