Nazari Kan Dalilin Da Ya Sa Ƙwallon Alhaji Ke Bauɗewa Dama

Wasan golf, wanda gidajen rediyon Hausa ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake bugun 'yar ƙwallo wadda nauyinta bai wuce giram 45.93 ba da sanda mai lanƙwasasshen kai, ana bin ta daga rami zuwa rami har a cika ramuka 18, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ne gwani. Asalinsa daga ƙasar Sukotilan ne, inda tun a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta shi saboda yana shagaltar da mazaje daga koyon harbin kibiya, hukuncin da matan aure da dama a Kano za su sa wa hannu a yau ba tare da an karanta musu shi sau biyu ba. Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Kano a 1903, su suka kawo shi Arewa. Filin Rayfield na Jos yana ƙirga shekarunsa daga 1913, shi ma kulob ɗin golf na Kano, da ke wajen ganuwa a tsohuwar unguwar Turawa, gadon wancan zamanin ne.

A Ƙofar Na'isa ta Kano, wadda aka rushe tsohon gininta a 2010 don faɗaɗa titi sannan aka sake gina ta, motsa jiki ba baƙon abu ba ne, domin filin Mahaha yana nan cike da matasa safe da yamma. Sai dai akwai wani rukuni na mazauna unguwar da filin bai dace da darajarsu ba, wato daraktan da ya yi ritaya, da ɗan kwangila, da ɗan kasuwar Kwari da ya kai munzalin zama a mota yana aika yara, waɗanda likita ya umarta da tafiyar ƙasa saboda hawan jini da ciwon sukari. Irin wannan mutum ba zai taka daga ƙofar zuwa Gidan Murtala ba, don kafin ya kai rabin hanya labari ya zaga unguwa cewa karayar arziki ta sa an sayar da motar. Golf ya warware masa wannan matsala, tunda a can zai tuɓe babbar riga, ya cusa 'yar riga mai kwala a wando har tumbin da aka shekara talatin ana rufa wa asiri ya bayyana, ya yi tafiyar kilomita shida ko fiye a cikin rana, kuma a kira wannan abu girma.

Cutar da ta fi addabar wannan rukuni ita ce wadda 'yan wasa ke kira silayis, wato ƙwallo ta tashi kamar za ta tafi sak, sai tana tsakiyar sama ta sauya shawara ta lanƙwasa dama, ta faɗa cikin itatuwa ko ta tsallake iyakar fili. Bayanin abin a kimiyyance ba shi da wahala, musamman tun da aka samu na'urorin auna bugu irin su TrackMan, wadda aka ƙirƙiro a Denmak a 2003. Abu biyu ke yanke wa ƙwallo hukunci a ɗan lokacin da sanda ke taɓa ta, wanda bai fi rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Na farko shi ne fuskar sanda, wato shafaffen gefen da ke dukan ƙwallon, kuma inda fuskar ta kalla nan ne galibi ƙwallon za ta fara nufa. Na biyu shi ne hanyar sanda, wato layin da kan sandar ke bi yayin da yake ratsa wurin bugun. Idan mai bugu da hannun dama ya sauko da sandar daga waje ta yanko zuwa hagunsa, alhali fuskar tana kallon dama da wannan layi, ƙwallon za ta tashi tana juyawa a karkace, iska kuma ta tura ta dama gwargwadon girman saɓanin. Ga bahago sai a juya lissafin.

Wannan bayani yana da aibi guda, wanda ya hana shi karɓuwa a wurin manya: ya ɗora laifin kacokan a kan hannun mai sandar. Saboda haka aka samar da wani ilimi na daban, wanda malaminsa shi ne kadi, wato yaron da ke ɗaukar jakar sanduna yana ba da shawara. Kadi ya san gaskiya sarai, domin da yawansu a filin suka tashi, kuma wanda aka ba aron tsohuwar sanda ɗaya yakan yi bugun da maigidansa ba zai yi da sanduna 14 da doka ta yarda a ɗauka ba. Amma ya san abin da ya fi wannan muhimmanci, wato hannun da ladan yini zai fito. Don haka idan ƙwallo ta nufi kan dalbejiya, sai ya bi ta da kallo cikin jimami ya ce, "Ranka ya daɗe, bugu ya yi, iska ce ta ci amana." Idan babu ko ganyen da ke motsi, sai a koma kan wanda ya yi tari a baya, ko ƙasa da ta yi tauri, ko ƙwallon da ake zargin jabu ce. An sha jin kadi ya ce, "Yallaɓai, yau sandar ce ba ta tashi da kyau ba," kuma ba a taɓa jin sandar ta musa ba.

Daga nan sai mai cutar ya shiga yi wa kansa magani, kuma maganin farko da hankali ke ba shi shi ne ya ƙara fuskantar hagu, tunda dama ƙwallon ke gudu. Nan ne abin dariyar yake, domin juya kafaɗu zuwa hagu yana ƙara sa sandar yankowa daga waje, saɓanin fuska da hanya ya ƙaru, lanƙwasar ta ƙara faɗi, gobe kuma ya ƙara juyawa hagu, kamar mai cin sabon bashi don biyan tsoho. Akwai waɗanda suka yi nisa a wannan tafarki har idan suka tsaya bugu, masu wasa a ramin da ke hagunsu kan nemi mafaka, alhali waɗanda ke dama ne ke cikin haɗari.

Magani na biyu shi ne sayen sabuwar sanda, wadda ake saƙo wa ɗa ko suruki daga Dubai ko Landan, a kwance ledarta a gaban jama'a, a faɗi kuɗinta da dala ba tare da an tambaya ba. Sabuwar sanda tana da amfani, domin takan ƙara wa bugu nisa, ta yadda ƙwallon da a da take tsayawa a gindin itatuwa yanzu takan wuce su ta faɗa inda ba a shiga.

Magani na uku shi ne malaman YouTube, waɗanda ake saurara bayan sallar isha'i. Ɗaya ya ce a kafe kai, na biyu ya ce kafe kai ne tushen ɓarna, na uku ya ce sirrin yana ƙugu, shi kuwa ɗalibi ya ɗauki dukkan fatawowin ya tashi tsakar falo da lema a hannu yana gwadawa, kuma a nan ne fankar sama da gilashin fitila suke shiga tarihin wasan. Washegari ya isa ramin farko da sharuɗɗa tara a kansa don motsin da bai kai daƙiƙa biyu ba, ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaran gaskiya kuwa ba ya cin ko kwabo, shi ya sa ba a ganin girmansa. Ana farawa da riƙo: mai hannun dama ya ɗan murza hannunsa na hagu a kan mariƙin sanda zuwa dama har ya riƙa ganin gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun idan ya dubi ƙasa, abin da ke taimaka wa fuskar ta rufe a kan lokaci. Sannan ya daidaita ƙafafu da kafaɗu da inda yake nufi, ya fara saukowa da ƙugu kafin kafaɗa, don sandar ta zo daga ciki ta fita waje. Masu koyarwa kan ajiye kwali ko hular sanda a ɗan bayan ƙwallo ta gefen waje, duk wanda ya yanko daga waje sai ya doke shi, shaidar da ba ta karɓar goro. Matsalar ita ce sabon riƙo yakan ji banbarakwai a hannu, wasa yakan ƙara lalacewa na wasu makonni kafin ya gyaru, kuma dole a tsaya a filin gwaji ana kuskure a gaban yara. Tiger Woods ya ci gasar Masters ta 1997 da ratar bugu 12, sannan ya koma wurin kocinsa Butch Harmon ya wargaza salon bugunsa ya sake gini. Shi kuwa dattijon Ƙofar Na'isa da bai taɓa gama zagaye da ƙwallon da ya fara da ita ba yana ganin ya wuce a gyara masa riƙo, musamman idan mai gyaran sa'an ɗansa ne.

Ga wanda ya ƙi duk wannan, akwai mafita ta ilimi. Gwanaye sukan lanƙwasa ƙwallo da gangan, kaɗan zuwa hagu, wanda ake kira duro, ko kaɗan zuwa dama, wanda ake kira fed, ta hanyar sarrafa wancan saɓani na fuska da hanya da 'yan digiri kaɗan. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, da fed ya yi suna. Tun ranar da wannan labari ya iso majalisar yamma, silayis ta ƙare a unguwar, kowa fed yake bugawa, ko da kuwa tasa fed ɗin ta sauka a filin wani ramin. Lokacin hunturu ne kaɗai ke tona asiri, domin iskar da ke fuskantar mai bugu tana ninka kowace lanƙwasa, kuma wanda ya ƙara ƙarfi don ya huda ta yana ƙara wa ƙwallon juyi ne, ta tashi sama ta rasa nisa, alhali gwani yakan ɗauki sanda mai tafiya ƙasa-ƙasa ya rage ƙarfi. Sai dai hazo yana rama wa Alhaji, tunda ƙwallon da ba a ga inda ta faɗa ba kowa na iya yi mata kyakkyawan zato.

Doka, tun 2019, ta ba da minti uku kacal don neman ƙwallon da ta ɓata, bayan haka sai a koma inda aka buga a ƙara bugu a matsayin horo. A aikace ba kasafai ake cinye mintunan ba, domin kadi mai basira yakan gano ƙwallon kwance a wuri mai kyau, babu reshe a gabanta, wani lokaci ma ta sauya lamba a hanya. Ainihin wadda ta ɓata kuwa yara sukan tsinto ta da yamma, a wanke ta da omo, a haɗa ta da 'yan uwanta a leda, ranar Asabar a sayar wa mai ita a wurin ajiye motoci, da alamar jan biron da ya yi mata da hannunsa, shi kuma ya taya, ya nemi ragi, ya biya.