Kafin Ka Tara 'Yan Turi: Shawarwari Ga Mai Motar Da Ta Ƙi Tashi

Lahadi ce, kasuwar Dambatta na ci, ka loda wa Golf buhunan gero da awaki biyu a Koguna, ka murɗa makulli, sai mota ta ce "ƙas" ta yi tsit. Malam direba, kada ka zargi maƙiya tukuna.

1. Sallami 'yan ba da shawara. Kafin ka ɗaga bonet mutum goma sun kewaye ka, kowa bakanike ne, har da wanda jaki kaɗai ya taɓa korawa. Yi musu godiya, ka roƙi su yi shiru, domin da kunne ake gano wannan cuta.

2. Saurari kukan mota. Ƙas-ƙas-ƙas a jere: batir ya yi sanyi ko kansa ya kwance. Ƙas guda mai ƙarfi: wuta ta isa solonoid, amma tagullar cikinsa ta ƙone ko burushin kik, na'urar da ke tayar da inji, ya cinye. Shiru ɗungurungum: duba fiyus, makulli da siririyar wayar da ke zuwa solonoid. Kunna fitila ka sake murɗawa. In ta dusashe sosai, koma kan batir.

3. Gaida batir. Lafiyayye yana nuna bolt 12.6, in ya sauko 12.2 rabinsa ya tafi. Wanke farin garin da ya taru a kansa da ruwan zafi, ka ɗaure da sifana. Ƙusar nan da ka buga tun bara don kan ya kama, ta yi aikinta, a sallame ta da mutunci.

4. Bi waya har gidanta. Kik na jan wuta fiye da amfiya 100, sako-sakon waya ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Duba mai kaurin da ke zuwa kik, da wadda ta haɗa batir da jikin mota. In kusa da rumbu motar ke kwana, tambayi ɓera, shi ma yana da ra'ayi a kan wayarin.

5. Lallashi solonoid. Shi ne ɗan gwangwanin da kik ke goye da shi: yana tura haƙori cikin fulawil, yana kuma haɗa babbar wuta. Wani ya murɗa makulli, kai ka ƙwanƙwasa jikin kik a hankali da sifana. Ƙwanƙwasawa na ce, ba sussukar dawa ba. In ta tashi, gareji za ka nufa, domin ciwon na nan.

6. Bar wasa da sukudireba. Haɗa kawunan solonoid da ƙarfe na fitar da tartsatsi, kuma in mota na cikin giya za ta tafi kasuwa ta bar ka a tsaye, ko ta taka ka. Aikin mai wayarin ne. Kafin ka kwance kowace waya, fara cire ta kan batir mai alamar (-). Kada kuma ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, kik zai yi zafi.

7. Yanzu kira 'yan turi. Giya ta biyu, taka kuloci, in ta ɗauki gudu ka saki. In otomatik ce, ko Koguna duka ta fito turi, gumi kawai za a kwasa.

Fara da mai arha kafin mai tsada: batir, waya, sannan solonoid. Kik da yawa an canja su ba su da laifi, noti ɗaya ne ya kwance. In kuwa ta tabbata sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa, tafi da tsohon kik a hannu, ka sa a gwada sabon da batir a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.