Mai Gadin Daƙiƙa 35

Ni da ko wurin ɗaurin aure sai an shafa fatiha nake isa, ni aka danƙa wa agogo. Makarantar sakandaren da ɗana ke buga wa ƙwallon kwando a Minnesota ce ta nemi iyaye su taimaka a teburin alƙalai, uwargida kuma ta rubuta sunana ba da shawarata ba.

Aikin sabo ne. A 2021 hukumar wasannin sakandare ta Amurka, NFHS, ta ba jihohi damar kafa agogon daƙiƙa 35, jiharmu ta fara a kakar 2023. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dole ta jefa kafin lokacin ya cika, ƙwallon kuma ta taɓa ƙarfen kwando, in ba haka ba ƙaho ya yi kuka a miƙa wa abokan hamayya. Mutanen nan sun san dalili, domin a Minneapolis ne a 1950 ƙungiyar Fort Wayne ta riƙe ƙwallo ta hana Lakers wasa, aka tashi 19 da 18, 'yan kallo na ihu. Shekara huɗu bayan haka NBA ta kawo agogon daƙiƙa 24.

Koci ya nuna mini maɓallai biyu, ya ce kada idona ya bar ƙarfen kwando. Na ce ai wannan ko yaro.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne uba ba ya iya kallon ƙarfe alhali ɗansa na cikin fili. Yaron ya ɗaga ƙwallo daga nesa, tun tana sama na danna maɓalli, don a zuciyata ta riga ta shiga. Ko inuwar kwandon ba ta taɓa ba. Na ba yaranmu sabbin daƙiƙa 35 kyauta, kocin baƙi ya yo kaina yana kumfar baki, alƙali ya busa usur ya zo ya gyara agogon da kansa.

Sai na ƙudura niyyar yin adalci. Can wajen ƙarshe baƙi suka ƙwace ƙwallo, ni kuwa ina tsaye ina yi wa ɗana faɗa da Hausa ya koma baya, na bar agogo yana ta tafiya kamar akuyar da ta tsinke igiya. Yaron mutane na sama zai saka ƙwallo, ƙaho ya ɓarke. Duk zauren ya juyo, har da mai share fili.

A mota ɗana bai ce uffan ba sai da muka kusa gida.

“Abba, koci ya ce ana neman mai sayar da gugguru a bakin ƙofa.”

“Ni ya ce?”

“Ni na ba shi sunanka.”