Masu Sayen Goran Su

Da zarar ruwan gulbi ya ja baya, tafkuna suka fara nuna laka a baki, sai samarin Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe su tuna cewa su ma suna da dangi cikin Sarkawa. Wanda ko a kududdufi bai iya iyo ba zai ce bana da shi za a yi su. Kafin a zo maganar homa kuwa, sai an mallaki gora, ƙaton ɗan duman nan da aka busar, aka fafe, aka ƙwaƙule cikinsa. Mutum ya kwanta a kai rub da ciki, yana tuƙi da ƙafa, in ya kama kifi ya zura ta bakin. Masu hawan igiyar teku a Tarkwa Bay ta Legas ma rub da ciki suke farawa a kan allonsu, masu koya musu kuma kullum suna cewa sabon shiga ya ɗauki babba mai faɗi. Ba sa ji. Namu ma ba sa ji.

Na gaba a layi shi ne ɗan burga. Ya kalli bidiyon Argungu a waya, ya haddace cewa tun 1934 ake bikin, UNESCO ta sa shi a kundinta a 2016, kuma a 2020 an fito da kifi mai kilo 78 daga Matan Fada. Abin da bai haddace ba shi ne nauyin jikinsa. Mai gora ya miƙa masa madaidaici, sai ya ture: "Baba, wanga na tsohhi na, ba ni ƙarami irin na gwanaye." Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, mi kas sani ga ruwa?" Ya dai biya ya tafi. Ranar su, da ya hau sai gora ya nutse ƙarƙashinsa, ya sulluɓe ta tsakanin ƙafafu, ya ɓullo can gefe, mai shi kuma yana ta shan ruwan laka yana ɗaga wa abokai hannu wai kada a ɗauki hoto.

Ƙanensa matsoraci ne, shi sai wanda ya fi kowanne girma a kasuwa, har sai an ɗaure shi a bayan babur. Ya hau lafiya, ba ya nutsewa, amma hannu bai kai ruwa ba, ƙafa ma haka. Yana nan kamar kunkurun da aka ɗora a kan turmi, iska na juya shi gabas da yamma, tarwaɗa na wucewa abinta.

Wanda ya fi cin ran masu sayarwa shi ne mai ƙwanƙwasa. Gaskiya ana ƙwanƙwasa gora, don mai tsaga yana da wani kurman amo da lafiyayye ba shi da shi. Amma wannan bawan Allah bai san amon da yake saurare ba. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya shinshina baki, ya leƙa ciki da tocila, ya auna kauri da farce, ya ce zai dawo. Ya je Tambuwal ya ƙwanƙwasa, ya zarce Jega ya ƙwanƙwasa. Kafin ya yanke shawara an gama su, tafki ya ƙafe, an shuka dankali a wurin.

Mai son banza ya sayi tsagagge rabin kuɗi ya kai wa gyartai. Kuɗin ɗinki ya fi na gora, kuma ɗinkin da zai riƙe fura a ƙwarya ba zai riƙe ƙato a tsakiyar tafki ba.

Akwai ɗan zamani, mai cewa duma kayan da ne. Shi jarkar manja mai lita 25 ya ɗauko, ya ɗaure murfi da leda. Ta ɗauke shi kam, ba ƙarya, sai dai santsi, ga shi ba inda zai sa kifi. Karfasa guda da Allah ya ba shi, a aljihu ya cusa ta, ta kuma fice. Mai laya shi ma bai tsaya zaɓe ba, duk goran da aka ba shi daidai ne, tunda ya riga ya kashe kuɗinsa wurin neman laƙanin ruwa. Da ya raba kuɗin biyu ya ba wani yaro ya koya masa iyo, da mahaifiyarsa ta yi barci.

A bakin gaɓa kuma ga ubangidansu duka, hula a karkace, rake a hannu. Shi ya ba ɗan burga shawara, shi ya raka mai ƙwanƙwasa Jega, ya san sunan kowane kifi daga giwan ruwa har ƙurungu. Yana ta ihu: "Matse ƙafa! Ba haka akan yi ba!" Wani dattijo ya gaji ya miƙa masa gora ya ce ya shiga ya nuna musu. Ya tofar da ɓawon rake, ya gyara hula.

"Wallahi Baba, da na shiga, amma likita ya hana ni sanyi."