But Ɗin Mota Ba Gidan Biki Ba Ne

Burasels, Beljiyam
Disamba, 2024

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Lawwali direba,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da abin da ya rage na kunnuwanka. Ka durƙusa har ƙasa ka gaishe min da Goggo, ka ce mata ɗanta yana nan cikin sanyin da sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwan alwala. In ba ta ji ba ka ɗaga murya, don an ce tun ranar da ka kai ta biki Katsina a motar nan take amsa "na'am" ko ba a kira ta ba.

Saƙonka ya iso, murya ta minti 11 a WhatsApp. Abu uku na iya tsinta a ciki: batir ya mutu sau biyu a wata guda, kana son ƙarin amfilifaya, kuma in aiko da Yuro 300. Sauran maganar kiɗa ya cinye ta. Abokin aikina ɗan Gine da ke kusa da ni ya tambaya ko yaƙi ake a garinmu. Na ce a'a, ɗan'uwana ne yake gaishe ni.

Lawwali, bari in tuna maka asalin Golf ɗin nan, tunda bawa ba ya riƙe alheri. A titin Heyvaert na same ta, nan bakin kwarin ruwan Burasels, inda garejin tsofaffin motoci suke jere kamar rumfunan Ƙofar Ruwa a Kano. Daga nan ake loda su zuwa tashar jirgin ruwa ta Antuwaf, shi ya sa duk motar hannu da ta sauka a gida kuke ce mata Beljiyam ko da a Jafan aka haife ta. Tun 2018 birnin nan ya fara hana tsofaffin motoci masu hayaƙi yawo a cikinsa, wata tsohuwa ta rabu da tata tana shafa mata bonet kamar za ta aurar da 'ya. Coci da kasuwa kaɗai motar ta sani. Rediyonta ma ban taɓa zaton an murɗa ta ta wuce rabi ba. A zamanin su Baba da ta Kwatano za ta bi, ta hau Gaya, ta ratsa Doso da Birnin Ƙonni, ta kwana Maraɗi, ta shigo ta Ɗan Isa. Amma tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, dole ta bi Legas, ni kuma na bi watanni ina cin burodi da ruwan shayi ba madara.

Don me na sha wannan wahalar? Don ka ɗauki fasinja da kayansu tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, a samu na cefane. Kai da bakinka ka ba ni labarin yadda kuka zauna ƙarƙashin darbejiya kuna dara daga Agustan 2019 har Afrilun 2022, lokacin da aka rufe boda. Ba a gama sharce gumi ba, sojoji suka karɓi mulki a Yamai a Yulin 2023, aka sake garƙamewa sai Maris ɗin bana. Yanzu Allah Ya buɗe ƙofar Magama, kowa yana loda buhuna, kai kuma ka loda akwatin wufa. An ce girmansa ya kai na lefen 'yar sarki, ya cinye but gaba ɗaya. Fasinja ya biya kuɗin kujera, ya rungumi buhun tattasai a cinya har Maraɗi. Safaya taya kuwa tana tsakar gida, an ce kazar Goggo ta yi ƙwai bakwai a ciki. To ranar da ƙusa ta gaishe ka a hanya, sai ka ɗaura sifika a ƙafar baya.

Labarin shingen bincike ma ya iso nan, kada ka ce ba ka faɗa min ba, Jibiya ba ta da rufi. Wai wani jami'i ya buɗe but, ya ga ƙaton akwati an lulluɓe da baƙin kafet, ya ƙwanƙwasa ya ji rami, ya ce shinkafa ce aka yi wa gida. Maimakon ka kwance noti huɗu ka nuna masa, sai ka ce bari ka kunna ya ji da kunnensa. Ka manta ka bar ƙarar a ƙarshe. Bawan Allah ya yi tsalle baya, hularsa ta yi gabas, jakin wani mai itace ya tsinke igiya ya tsallaka Nijar ba fasfo ba katin ECOWAS. Har yau an ce mai jakin yana cigiyarka ranar kasuwar Lahadi.

To zauna in karantar da kai, tunda aikina ke nan a gareji, kullum ina kwance rediyo ina ɗaurawa.

Wat 3000 da aka rubuta a kwalin amfilifayarka, ƙaryar 'yan talla ce. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa tana tafiya, ba ihun daƙiƙa ɗaya kafin ta ƙone ba. In babu ita a jiki, juya amfilifayar ka dubi fiyus ɗinta. In mota tana aiki wutarta ba ta wuce bolt 14 da ɗan kai. Fiyus mai lamba 30, ka ninka da 14, ka samu 420. Iyakar abin da zai iya shiga ke nan, kuma wani kaso zafi yake zama. Ina 3000 ɗin za ta fito? Sai dai in aljanu ne suke cika sauran. Ita kanta rediyon Pioneer ko Kenwood da ake rubuta wa 50 sau huɗu, gaskiyar abin da take ba kowace sifika bai kai rabin haka ba, kuma ya ishi mai hankali.

Mutuwar batir kuwa ba hassadar 'yan tasha ba ce, kada ka sake kai wa malami kuɗi. Altanetar ƙaramar mota irin taka amfiya 90 ce ko ƙasa da haka, ita ke ciyar da fitila da fanka da komai. Kai ka ɗora mata baƙo mai cin tuwon mutum biyar, shi ya sa fitilarka ke kashe ido duk sanda ganga ta buga. Sannan ina da tabbacin mai wayarin ɗinka ya jona siririyar wayar nan shuɗiya da ke kashe amfilifaya in an zare makulli kai tsaye da batir, maimakon rediyo. Kai kana barci, ita tana tsotsar batir har asuba, da safe yaran unguwa su yi ta turi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hoton da ka turo kana taƙama. Na ga jar waya ta tashi daga kan batir ta ratsa ƙarƙashin kujeru ba fiyus ko ɗaya, an naɗe gaɓar da ledar fiya wata. Lawwali, wannan ba wasa ba ne. Duk ranar da ƙarfe ya yanki bayan wayar nan, wuta ce za ta tashi ƙarƙashin fasinja, kai kuma na san ba ka rabuwa da galan a mota. A sa fiyus dab da batir, kada nisan ya wuce taƙi biyu na hannu. A sayi waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ba ta alminiyon da aka yi wa wankan jan ƙarfe ba. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye masa kayansa. Wayar ƙasa kuma a goge fenti a ɗaure ta a jikin ƙarfe tsirara.

Da ka tambaye ni tun farko, da na ce ka fara da ƙofofi. Sifikun kamfani takarda ce, zafin Jibiya da ƙurar hunturu sun riga sun cinye su. Ka sa sababbi guda biyu masu kyau a gaba, ka liƙe cikin ƙofa don ta daina kakkarwa, ka tabbata ba a juya jar waya da baƙa ba. Da wannan kaɗai za ka ji kalangun Shata tsaf, kowace kalma daram, fasinja kuma ya ji labaran BBC na rana ba tare da haƙoransa sun kaɗa ba. In ka ji ganga ta cika zaƙi, ka san abin da ke biye. Kuma ka tuna ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Jibiya zai ratsa. Ranar da jirgi ya fara tashi, duk wanda ka taɓa kurmantarwa tikiti zai yanka.

Sai dai gwano ba ya jin warin jikinsa. Bari in faɗa maka wani abu, in ka kai wa Goggo Allah Ya isa. Bara ni ma na ɗaura wufa a tsohuwar motar aikina. Wani dare kewa ta kama ni, na faka ƙofar gida bayan ƙarfe goma, na saki Ɗan Maraya. Nan ƙasar kuwa daga goman dare ko tari sai ka yi shi cikin ladabi. Ban kai rabin waƙar ba na ga labule yana motsi a bene na biyu. Can sai ga 'yan sanda biyu, suka ƙwanƙwasa gilashi a hankali, suka gaishe ni da Faransanci mai daɗi, suka bar min takarda. Kuɗin da na biya, da kai ne ya ishe ka taya huɗu. Washegari na kwance akwatin, yanzu a kansa nake cin abinci.

Shirun garin nan yana da nauyi, ɗan'uwa. Motoci dubu a titi, ba mai yin hon. Ba ɗan kamasho mai kiran "Maraɗi mutum ɗaya", ba mai canjin sefa da ke kaɗa damin kuɗi, ba yarinya mai tallan dafaffiyar gyaɗa da ke leƙo taga. Wani lokaci nakan sake kunna saƙon naka, ba don in ji ka ba, don hon ɗin nan da kukan akuya da ke bayan muryarka.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka. Yuro 300 babu. Na aiko da 60 ta hannun mai canjin da ka sani: fiyus, waya, sifikun ƙofa biyu, canjin kuma na mai jaki ne. Ka sayar da akwatin ga masu kiɗan biki, ka lallashi kazar Goggo ta ba ka tayarka. Kuɗin sharar bana na yafe, bisa sharaɗi ɗaya: ranar Lahadi ka tsaya tsakiyar tasha, ka kashe rediyo ɗif, ka ɗaga waya sama ka naɗo min hayaniyar wurin ta minti goma, kada ka sa baki. Zan saurara da abin kunne, ƙarƙashin bargo, inda matar bene na biyu ba za ta ji ba.

Ka gaida amarya da yara, da duk 'yan tashar da har yanzu suke ji.

Naka ubangida har kullum,
Sale