Farfesun Awa Guda

A wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, akwai wani ɗan siddabaru da ko yaron boka ya iya. Yana wanke riga, ya kunna kyandir, ya sa wa abinci ɗanɗano na awa guda. To, a ce kowa a gari ya iya shi.

Mai wanki ya shiga uku. Mai gishiri ya koma gona. Amarya ta tafasa ruwa zalla, ta yi 'yan ƙus-ƙus, ango ya sha farfesu har da santi. Amma fa ban da dogon surutu. Awa na cika, ruwa ne.

Jaruman wasan kuwa, da duk wannan baiwa, har yau kogon dodo suke shiga neman kuɗin masauki.